Daga Kano zuwa Kaduna a kan keke: amsa ga uban da ya ɗauki alkawari

Wani mai karatu daga Kano, ma'aikacin ofis ɗan shekara 44, ya rubuto yana neman shawara. 'Yarsa ta rasu bara sakamakon cutar sikila, shi da mahaifiyarta kuwa duka AS ne, wato suna ɗauke da jinin cutar ba tare da suna fama da ita ba. Ya yi alkawarin zai tuƙa keke daga Kano zuwa Kaduna cikin kwana biyu, ya isa ranar 19 ga Yuni, wato Ranar Sikila ta Duniya, domin tara kuɗin magani ga yaran da ke fama da cutar. Ya sanar a Facebook, har mutane sun fara turo gudummawa. Rabonsa da keke tun yana sakandare. Ya sayi keken gwanjo mai giya, ranar Asabar ta farko ya kama hanyar Wudil da hantsi, ya isa da ƙyar, aka dawo da shi da kekensa a mota, ya yi kwanaki gwiwoyi da cinyoyi suna ciwo, zama ma yana gagararsa. Uwargidansa ta ce ya haƙura da tafiyar. Saura mako 12, tambayarsa kuma ita ce: ya janye ya ji kunya a idon waɗanda suka ba da kuɗinsu, ko ya dage ko da me zai faru?

Malam, assalamu alaikum. Allah Ya jiƙan 'yarka, Ya sa mai ceto ce, Ya ba ku haƙurin rashinta, kai da mahaifiyarta.

Ba na ganin dalilin da zai sa ka janye, domin tafiyar Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230, ba ta fi ƙarfin mutum mai lafiya a shekarunka ba idan ya ba jikinsa lokacin da yake buƙata. Abin da ba zan goya maka baya a kai ba shi ne tafiyar yadda ka tsara ta. Ranar da ka zaɓa, da yawan kwanakin da ka ware, da irin atisayen da ka fara, duka suna buƙatar gyara, kuma dalilin da ya fi kowanne nauyi yana cikin maganar da ka ambata a wucewa kamar ba ta da alaƙa da keke, wato cewa kai AS ne.

Mai AS ba mai sikila ba ne, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da wannan jini, yana noma, yana dako, yana buga ƙwallo ba tare da wata matsala ba. Amma akwai yanayin da jinin AS yake nuna halinsa, wato idan aka haɗa wa jiki aikin ƙarfi wanda bai saba da shi ba, da zafin rana, da ƙarancin ruwa, a lokaci guda. A irin wannan hali wasu jajayen ƙwayoyin jini kan lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, tsoka ta rasa iska ta fara lalacewa, abin da ta zubar cikin jini kuma ya je ya wahalar da ƙoda. Saboda mutuwar wasu 'yan wasa a lokacin atisaye ne hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman 'yan wasan babban rukuninta su san matsayin jininsu tun daga 2010. Wani bincike kuma da aka wallafa a 2016 kan sojojin Amurka baƙar fata kusan 48,000 ya nuna cewa masu AS sun fi sauran fuskantar wannan lalacewar tsoka da wajen rabi, amma ba su fi su mutuwa ba. Abin lura shi ne waɗannan sojoji ana horar da su ne bisa ƙa'idar ƙara aiki sannu a hankali, da shan ruwa, da hutawa idan rana ta yi zafi. Tafiyarka ta Wudil, kilomita 40 da hantsi a jikin da ya shekara fiye da ashirin bai hau keke ba, ta saɓa wa waɗannan ƙa'idoji duka, kuma ka gode wa Allah da abin ya tsaya a ciwon cinya.

Saboda haka kafin ka sake ɗora ƙafa a kan feda, ka je asibiti ka gaya wa likita ainihin abin da kake shirin yi, ka faɗa masa cewa kai AS ne, a auna hawan jininka da sukari, a duba zuciya da ƙoda. Ka tafi tare da uwargida, ta ji da kunnenta, ta yi tambayoyinta. Matar da ta binne 'yarta bara, idan ta ga maigidanta an sauke shi daga mota yana ɗingishi, tsoronta ba rashin goyon baya ba ne, kuma lallashi da baki ba zai kawar da shi ba kamar yadda maganar likita da tsari a rubuce za su yi. Ku biyun ku san alamomin da idan sun bayyana tafiya ta tsaya nan take: fitsari ya koma launin shayi ko ya ɗauke, ƙafafu su saki su yi nauyi ba tare da tsokar ta ɗaure irin ta jijiya ba, ciwon ƙirji, haki wanda hutu bai kwantar da shi ba, jiri ko ruɗewar tunani. Kowace ɗaya cikin waɗannan ta asibiti ce, ba ta zama a inuwa a jira ba. Idan zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ta kama ka, ka ajiye keke har sai ka warke sarai. Sannan ka nisanci al'adar haɗiye maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen kafin hawa keke domin ka danne ciwo, saboda suna ƙara wa ƙoda nauyi a daidai lokacin da jiki ya ƙarar da ruwansa.

Game da ranar, na fahimci dalilin da ya sa zuciyarka ta kama 19 ga Yuni, amma ka duba abin da wannan zaɓi ya ɗora maka. Mako 12 kafin wannan rana ya faɗa ne a tsakiyar bazara, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40 har ya wuce. A Yuni kuma damina ta kankama ko tana shirin sauka, iska ta juya tana fitowa daga kudu maso yamma, wato daga inda ka dosa, za ka yini kana tura keke cikin iska, ga gumin da ba ya bushewa, ga hadarin da kan taso da yamma. Hanyar ma hawa take yi a hankali, domin Zariya ta fi Kano tudu da fiye da mita 150, ko da yake wanda ke cikin mota ba ya lura. Idan ka mayar da tafiyar ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, kafin hazo ya yi kauri, safiya za ta yi sanyi, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa, tana bayanka tana taimakonka har Kaduna. Za ka kuma sami wajen wata takwas na shiri maimakon uku. Ranar 19 ga Yuni ba za ta wuce a banza ba: ka yi gajeriyar tafiya da sassafe, misali zuwa Kura, wajen kilomita 30, tare da duk wanda ke son raka ka, ka yi amfani da ranar wajen kiran mutane su yi gwajin jini kafin aure, ka kuma sanar da abin da aka tara zuwa lokacin.

Kwana biyun ma ka mayar da su uku. Tsarinka na yanzu yana nufin wajen kilomita 150 daga Kano zuwa Zariya a rana ɗaya, alhali sabon mahayi a kan irin kekenka ba ya wuce kilomita 15 zuwa 18 a awa idan tafiya ta yi nisa, ka ga kenan awa takwas zuwa goma a kan sirdi, ban da tsayawar salla da cin abinci, tsakar rana duka tana kanka. Idan ka raba, rana ta farko ka tsaya wajen Kwanar Dangora, ta biyu ka shiga Zariya, ta uku ka bi ta Jaji da Mararrabar Jos da Rigachikun ka sauka Kawo, kowace rana za ta kama kilomita 70 zuwa 80, abin da za ka fara bayan sallar asuba da gari ya waye ka gama kafin azahar.

Atisayen kansa ba shi da wani sirri, sai dai yana buƙatar haƙurin da mutum mai zafin rashi ba ya cika samu. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki, cikin 'yan makonni za ka ji numfashinka ya gyaru, amma gwiwa da jijiyoyi da wurin zama suna ɗaukar watanni, kuma a wannan tazara ne yawancin mutane suke ji wa kansu ciwo, domin ƙirji yana cewa a ƙara alhali gaɓoɓi ba su shirya ba. A watan farko ka tsaya a kan hawa uku a mako, minti 30 zuwa 45 kowanne, da sassafe kafin rana ta ɗaga, da saurin da za ka iya yin magana da abokin tafiya ba tare da numfashi ya yanke maka jimla ba. Idan ba ka iya magana, ka yi sauri da yawa. Za ka ji kamar wasa kake yi, kuma a nan ne kunyar waɗanda suka turo kuɗi za ta riƙa zuga ka ka ƙara, to kada ka saurare ta. Daga wata na biyu ka ware rana ɗaya a mako ta zama ta doguwar tafiya, kana ƙara mata minti 10 zuwa 15 duk mako, kowane mako na huɗu kuma ka rage aikin zuwa rabi domin jiki ya ɗinke abin da ya yage. Ka riƙa lissafi da awanni maimakon kilomita, saboda abin da za ka jure a hanyar Kaduna awa biyar ko shida ne a kan sirdi, kuma iska da tudu suna sauya yawan kilomitan da awa ɗaya ke bayarwa.

Wurin da nake so ka fi mayar da hankali shi ne rana ta biyu. Mutane da yawa suna iya yin kilomita 80 sau ɗaya, su dawo gida su kwanta kwana biyu suna ba da labari. Tafiyarka kuwa tana buƙatar ka yi tamanin yau, ka kwana a wurin da ba gadonka ba, ka tashi da asuba cinyoyi a sandare ka sake hawa wannan sirdin, jibi ma haka. Wannan ba ya samuwa sai an koya wa jiki. A wata biyu na ƙarshe ka riƙa haɗa Asabar da Lahadi: awa uku ranar Asabar da awa biyu ranar Lahadi, sannu a hankali har ka kai awa biyar da awa huɗu. Ranar da ka yi haka sau biyu ko uku, ka kuma je ofis ranar Litinin ka yi aikinka ba tare da ɗingishi ba, ka shirya. Ba sai ka taɓa yin kilomita 230 a atisaye ba. Kwana goma na ƙarshe kuwa na hutu ne da gajerun hawa, domin ƙarfin da ba ka tara ba kafin lokacin ba za ka tara shi a makon ƙarshe ba, gajiya kawai za ka ɗauka ka tafi da ita.

Ciwon gwiwarka ina kyautata zaton daga keken yake, ba daga shekaru ba. Mun saba sauke sirdi ƙasa yadda mutum zai kafa tafin ƙafarsa duka a ƙasa yana zaune, abin da ya dace da zuwa kasuwa, amma a doguwar tafiya yana sa gwiwa ta yini a lanƙwashe tana ɗaukar nauyi. Ka jingina da bango, ka zauna a kan sirdi, ka ɗora diddigenka a kan feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, yadda ya kamata a tuƙa, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, wannan shi ne daidai. Ciwo a gaban gwiwa yawanci alama ce ta sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta kuma alama ce ya yi sama. Abu na biyu shi ne giya. Sabon mahayi yana son giya mai nauyi domin yana jin kamar a nan ƙarfi yake, alhali ita ce ke cin gwiwa. Ka sa mai sauƙi ka bar ƙafa ta riƙa juyawa da sauri, wajen zagaye 80 zuwa 90 a minti. Ka ƙirga a daƙiƙa 15, idan ka samu ashirin ko sama da haka kana kan hanya. Wurin zama kuwa zai saba cikin makonni, amma ka nemi gajeren wandon 'yan keke mai soso, ka sa shi a jikin fata ba tare da wani wando a ƙarƙashinsa ba, ka ɗora dogon wando mara nauyi a sama ka ɗaure ƙafarsa ta dama kada sarƙa ta kama, ka shafa basilin inda fata ke gogayya, kana kuma miƙewa tsaye a kan feda na ɗan lokaci duk bayan minti 15 ko 20.

Abinci da ruwa ma atisaye suke buƙata, ba ranar tafiya ake fara gwada su ba. Ajiyar sukarin da ke cikin tsoka da hanta ba ta wuce ta awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi, idan ta ƙare kuma ƙafa takan mutu farat ɗaya, ido ya yi duhu. Maganin wannan shi ne ka fara ci tun daga awa ta farko, kafin yunwa ta zo, giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa. Ayaba ɗaya matsakaiciya tana ba da wajen giram 25, sai ka haɗa ta da 'yan dabino, ko gutsuren gurasa, ko dafaffen dankalin Hausa. Fura da nono, da shinkafa da wake, da ƙwai, ka bar su sai ka sauka, a nan suke da amfani, kuma ka ci cikin awa ɗaya da sauka saboda gobe. Ruwa kuwa leda ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta fiya wata a kowace awa, kurɓi-kurɓi, ba a kwankwaɗa lokaci guda ba. Tunda gumi yana fita da gishiri, gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari, irin ƙunshin da ake sayarwa a kemis ana zubawa a lita ɗaya. Ka auna nauyinka kafin doguwar tafiya da bayanta, kowane kilo ɗaya da ya ragu wajen lita ɗaya ce ta ruwa da ba ka mayar ba. Idan azumi ya faɗo cikin watannin shiri, ka dakatar da dogayen tafiye-tafiye, ka tsaya a kan gajeren hawa bayan shan ruwa.

A gaskiya ma abin da ya fi ba ni tsoro a wannan tafiya ba gwiwarka ba ne, titin ne. Hanyar Kano zuwa Kaduna ta tireloli da tankoki ce da direbobin haya masu gudu, kuma mai keke ba ya cikin lissafinsu. Kada ka yi ta kai kaɗai: a samu mota tana bin bayanka da fitilun gargaɗi a kunne, ɗauke da ruwa da abinci da taya da tub da famfo da kayan faci, idan da hali kuma da ma'aikacin lafiya a ciki. Ka rubuta wa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da 'yan sanda a jihohin biyu tun da wuri, ka nemi shawararsu kan halin hanya da tsaro a makon da za ka tashi, ka kuma bi abin da suka ce ko da zai sa a ɗage rana. Hular kwano ta keke da riga mai ƙyalli wajibi ne, kana tafiya a gefen dama tare da motoci ba kana fuskantarsu ba, kuma kada duhu ya same ka a titi. Mako biyu kafin tashi ka kai keken wurin mai gyara ya duba birki da sarƙa da wayoyin ƙafa, bayan nan kada a sauya komai a jikinsa, musamman sirdi.

Saura batun kuɗin mutane, wanda na lura shi ne ainihin abin da ke hana ka barci. Waɗanda suka turo gudummawa saboda yara masu sikila suka turo, ba saboda a ga ka isa Kaduna cikin kwana biyu ba, kuma ɗage rana bisa shawarar likita ba saɓa alkawari ba ne muddin ka faɗa a fili. Ka rubuta musu a wurin da ka yi sanarwar farko: ga sabuwar rana, ga dalili, wanda kuma yake son a mayar masa da kuɗinsa ya yi magana a mayar masa. Kuɗin su zauna a asusu na dabam wanda wani amintacce yake da hannu a kai tare da kai, a rubuta duk abin da ya shigo, kuma kada man mota ko kuɗin masauki ko gyaran keke su fito daga ciki sai idan tun farko ka gaya wa mutane haka. Tunda akwai yaran da ke buƙatar magani yau, ba sai an jira Disamba ba, ka miƙa abin da aka riga aka tara ga sashen masu sikila na asibitin da ka amince da shi a ranar 19 ga Yuni, ka karɓi rasit ka nuna wa masu bayarwa. Idan uwargida ta yarda, ita ta riƙe littafin lissafin, ta kuma kasance cikin motar da za ta bi bayanka, da ikon cewa a tsaya idan ta ga alamar da likita ya ambata. Allah Ya ba da lafiya, Ya sa a yi a sa'a.